Shekarar da Na Binne Geron Inna

Har yau idan hadari ya haɗo daga gabas ya tsaya yana jan ƙafa, sai in tashi in shige ɗaki. Jikokina suna yi mini dariya, wai tsoho na tsoron tsawa. Yara ke nan. Ni da na tsufa a gona, tsawa ce za ta ba ni tsoro? Abin da hadarin ke tuna mini daban ne, kuma tun zamanin Turawa yake, a gonarmu ta Karare.

Muna da wani irin gero a gidanmu, gajere, mai saurin nuna, zangarniyarsa ba ta kai kamu ɗaya ba amma a cike take tam. Inna, mahaifiyata, ita ta zo da shi daga gidan ubanta. Kowace kaka da kanta take shiga gona da wuƙa ta zaɓi zangarkun da suka fi cika, ta ɗaure su ƙananan dammuna biyu, ta rataye a ɗakin girki inda hayaƙi ke korar ƙwari. Dami ɗaya na ruwan farko ne. Na biyun ba a taɓa shi sai ruwa ya zauna, sai ita ta tona ƙasa ta tura hannu har gwiwar hannu ta ji danshi. Ko babanmu da yake raye bai taɓa ƙetare wannan doka ba.

Ina yaro aka yi wata yunwa da ba na son tunawa. Dusa da ganyen tafasa muke ci. Ƙanwata, 'yar shekara huɗu, ta kwanta a ɗakin girkin nan saboda ɗumi, damin na biyu yana rataye a samanta. Da kunnena na ji babanmu ya ce a sauke shi a dama mata kunu. Inna ta ce idan aka sauke, baɗi duk gidan ne zai kwanta. Yarinyar ta rasu kafin ruwa ya zauna. Damin ya shiga ƙasa, ya yi kyau, da shi sauranmu muka rayu. Daga ranar Inna ba ta ƙara ambaton yarinyar ba, mu ma ba wanda ya isa ya ambata a gabanta.

Shekarar da nake son ba da labarinta, babanmu ya rasu, gida ya dawo kaina, ga mata ga 'ya'ya biyu. Ni ne ɗan fari, don haka Inna ba ta kama sunana. "Kai wannan" take ce mini. Da na shiga ajin yaƙi da jahilci a Batsari na iya karatu da rubutun boko, sai ta koma ce mini Malam, rabi tsokana rabi alfahari. Ni kuwa kaina ya kumbura. A lokacin gani nake duk Karare babu mai hankalina.

Ruwan farko ya zo da wuri, muka shuka damin farko, ya tsiro gwanin kyau. Sai sama ta rufe, ruwa ya ɗauke. Muna ji muna gani shukar ta yi yaushi, ta kwanta, ta ƙone. Sau biyu muka fita roƙon ruwa bayan gari da riguna a juye, tsofaffi na kuka, awaki na kuka, rana na dukanmu. Babu ko ɗigo. Rumbu ya yi ƙasa har sai an shiga ciki ake ɗebo tsaba, maiɗakina ta fara haɗa tuwo da dusa. Duk abin da ya rage mana na iri shi ne damin nan na biyu.

Ana cikin haka wani Bature ya sauka a gindin dutsen da ke gabas da garinmu, ya kafa tanti. Ba na haraji ba ne, ba na gona ba. Dogo ne siriri, rana ta ƙona masa wuya ya yi ja wur, kuma kullum kansa a sama yake, har ya taɓa afkawa cikin shingen ƙaya yana kallon gajimare. Dagaci ya tara mu, tafintan Baturen, wani malami daga Katsina, ya yi mana bayani. Ya ce gajimare kamar nono ne a ƙwarya, man shanun yana ciki, sai dai wani lokaci ya ƙi haɗuwa. Idan aka watsa masa gishiri mai laushi, ana zaton ruwan zai haɗu ya yi nauyi ya faɗo. Za a cika balan-balan da wata iska mai sauƙi, a ɗaura mata ƙunshin gishiri da albarushi da lagwani mai ci a hankali, a sake ta. Idan ta shige cikin hadari sai ƙunshin ya fashe.

Kowa ya juya ya dubi liman. Liman ya ce ruwa na Allah ne, ba Bature ba ko uban Bature bai isa ya saukar da shi ba, amma Wanda ya sa waraka a cikin sassaƙe ba zai gagare shi ya sa dalili a cikin gishiri ba. Da wannan aka watse.

Mako biyu Baturen nan yana shiri. Ya shimfiɗa taswira ya ja da'ira biyu. Ɗaya gefenmu ne na Karare, nan za a riƙa sakar wa gishiri. Ɗayar can ƙasar Safana ce, wajen Tsaskiya, su ba za a sakar musu komai ba, don a gwada a ga wa ya fi samun ruwa. Kowace safiya yana sakin 'yar ƙaramar balan-balan ba kaya, yana bin ta da madubin hangen nesa ya ga inda iskar sama ta nufa. Aka kakkafa gwangwanayen awon ruwa masu mazurari a garuruwa, na Karare aka ba ni, tunda na iya rubutu. Aka raba wa tsofaffin mata gishiri su niƙa ya yi laushi kamar kwalli, Inna na cikinsu.

Ranar kasuwar Batsari na haɗu da wani abokin wasana ɗan Tsaskiya, mai saida awaki. Na ce masa, "Ku dai an bar ku ga Allah." Ya dube ni ya ce, "To ku ga wa aka bar ku?" Na bushe da dariya. Astagfirullah. Duk sanda na tuna dariyar nan sai na ji kamar in nutse.

Akwai abu ɗaya da Baturen ya tara mu masu gwangwani ya faɗa mana. Ya nuna mana wani akwatin ƙarfe cike da ambulan, a jere, a liƙe. Ya ce ba duk ranar da hadari ya zo za a saki gishiri ba. Tun a can ƙasarsu aka yi ƙuri'a, aka rubuta i ko a'a a cikin kowace ambulan, shi kansa bai san abin da ke ciki ba. Idan hadari ya taso zai buɗe ta gaba. I, a saki. A'a, a bar hadarin ya yi abin da zai yi. Wai ta haka ne kawai za a san ko gishirin ne ya yi aiki ko dama ruwan zai zo.

Ba zan ce ba a faɗa mini ba. Tafinta ya maimaita har sau biyu, kuma na gane sarai. Amma ni na tashi na ga yadda takarda take a ƙasarmu. Wace takarda ce ba ta lanƙwasuwa idan ka san ta hannun wanda za ka bi, ka durƙusa, ka cire hula, ka ajiye 'yar gaisuwa? Na ce a raina, mutumin da ke riƙe da magani yana ganin gari na mutuwa ba zai tsaya sauraron ambulan ba. Wannan na ɗauka magana ce ta baki, don manyansa su ji.

Lokaci kuwa yana ta tafiya. Kowace rana ta wuce, kwanakin da gero zai samu ya nuna raguwa suke. Sai tunanin binne ya shige ni. Ka sare ƙasa a bushe, ka zuba iri, ka rufe, ya zauna yana jiran ruwa. Idan ruwan ya zo da ƙarfi, ka riga kowa da kwanaki, yaranka su riga na kowa cin tumu. Idan kuma yayyafi ne, iri ya ji danshi ya tsiro, saiwarsa ta sauka ta tarar babu komai. Kowane manomi ya san wannan, shi ya sa ba a binne irin ƙarshe. Ni ma na sani. Amma na fara ganin ɗiyata, wadda ba ta fi shekara huɗu ba, tana shiga ɗakin girki ta ɗaga kai ta tsura wa damin ido, wuyanta ya zama siriri. Tsoro ya kama ni, tsoro na gaske.

Na sami Inna a durƙushe gaban dutsen niƙa, hannayenta fari fat da gishiri.

"Inna, ki ba ni damin nan in binne."

Ba ta daina niƙa ba. "Ka sa hannu a ƙasa, Malam?"

"A bushe take, na sani. Amma Bature ya gama shiri. Ya ce iskar sama ta juya, hadari na tafe cikin kwanakin nan."

"Shi ya ce zai kawo ruwan?"

Na ce, "Ya ce." Bai ce ba. Zancen ambulan kuwa ko da wasa ban yi mata shi ba.

Ta ce a'a. Washegari na koma, ta ce a'a. Rana ta uku raina ya ɓaci, dama ni ba ni da sanyin zuciya, sai na ji bakina ya ce, "Ko so kike mu sake binne yarinya dami yana rataye?"

Dutsen niƙa ya tsaya. Wallahi da ta mare ni da ya fi mini sauƙi. Ta miƙe a hankali, ta goge hannu a zanenta, ta shiga ɗakin girki ta hau turmi ta sauko da damin da kanta. Ta zauna a tsakar gida ta murje zangarkun ɗaya bayan ɗaya da tafin hannu, ta sheƙe, ta zuba a ƙwarya. Ko ƙwaya ɗaya ba ta ɓoye ba, ina tsaye ina kallo. Ta miƙo mini ta ce, "Ga shi. Kai ka yi karatu."

Da sassafe na fita da sungumi ina sara, maiɗakina na bi na tana zuba iri tana rufewa da diddige. Ƙasar har ƙona ƙafa take. Maƙwabcin gonarmu ya tsaya bakin iyaka ya riƙe haɓa ya ce, "Binne da irin ƙarshe? Lafiyarka kuwa?" Na ce ya jira ya gani. Inna ba ta zo gonar ba.

Kwana huɗu bayan haka, da azahar, zafi ya yi zafi, iska ta ɗauke, gabas ta fara duhu. Kafin la'asar hadari ya haɗu baƙi ƙirin tun daga ƙasa har sama, irin wanda ba mu gani ba tun farkon shekara. Mata suna ta guɗa suna fito da tukwane. Na kama zakaranmu, shi kaɗai ya rage, na saɓa shi a hammata na zura da gudu zuwa gindin dutse.

Na tarar an fito da komai. Ga tukwanen iska, ga balan-balan a shimfiɗe, ga ƙunshin gishiri a jere a kan tabarma. Baturen sai zumuɗi yake, yana duba sama yana duba agogo. Ya buɗe akwatin ƙarfe ya zaro ambulan ta gaba, ya yage bakinta, ya karanta. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya miƙa wa tafinta, tafinta ya duba ya ce, "A'a ce. Yau ba a saki."

Ban san sanda na zube ƙasa ba. Na cire hula, na tura zakara gabansa. Na ce, "Ranka ya daɗe, irina na ƙarshe yana cikin ƙasa. Na mahaifiyata ne. Don girman Allah a buɗe ta bayanta."

Tafinta ya juya masa maganata da Turanci. Baturen ya dube ni, fuskarsa ta ƙara ja, ya yi magana mai tsawo. Tafinta ya ce, "Ya ce wa ya ce ka shuka? Ya ce bai taɓa yi wa kowa alkawarin ruwa ba, shi kansa bai san ko gishirin yana aiki ba, abin da ya zo nema ke nan. Ya ce idan ya saki yau don ya ji tausayinka, gobe don wani, ƙarshe ba wanda zai san gaskiya, kuma wata rana a yaudari garuruwa da yawa da abin da ba ya aiki."

Na ce, "Malam, kai ɗan'uwana ne Musulmi. Waye zai sani? Ni da kai da shi ne a nan. A rubuta a'a a littafi, a saki gishirin."

Tafinta ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Na faɗa masa haka tun kafin ka faɗa. Ba zai yi ba."

Baturen ya durƙusa ya ɗauki hulata ya kakkaɓe ya miƙo mini. Da 'yar Hausarsa ya ce, "Yi haƙuri. Yi haƙuri." Idonsa ya kawo ruwa, na gani. Ni kuwa a lokacin da ina da wuƙa ban san abin da zan yi ba.

Iska ta taso. Na fizgi ƙunshin gishiri biyu daga kan tabarma na kama hawan dutse, ana kira na ban waiwaya ba. Na hau har inda ƙafa ke iya zuwa, gwiwoyina duk sun ƙuje. Hadarin yana bisa kaina, kamar in miƙa hannu in taɓa. Na yage ƙunshin na riƙa dumbuza ina watsawa sama iya ƙarfina, ina ihu, ban ma san me nake cewa ba. Ƙato da ni, mai mata da 'ya'ya, wai Malam. Iskar ta maido mini gishirin a ido da baki, gishirin da Inna ta niƙa. Na zauna a kan dutsen ina murza ido ina kuka.

Hadarin ya yi ta ruri, ya yi walƙiya, sannan iska ta yayyaga shi. Abin da ya sauko mana yayyafi ne, bai kai a sha ƙwaryar fura ba ya ɗauke. Da na tsiyaye gwangwanina a kwalbar awon da aka ba ni tare da shi, da ƙyar ya rufe gindinta. Na rubuta, tunda aikina ne.

Da safe na tarar Inna ta riga ni zuwa gona. Ta tura yatsa a ƙasa, danshi ya tsaya a gaɓa ta biyu, daga nan sai gari. Ta matsa gaba ta sake turawa. Haka ta bi gonar har ƙarshe. Na yi addu'a a raina kada irin ya ji, ya ci gaba da barcinsa. Ina! Rana ta uku gona ta yi kore shar, kowane rami ya tsiro, ban taɓa ganin tsiro mai kyau irin wannan ba. Ni da maiɗakina muka riƙa jido ruwan rijiya a tulu muna bin ramuka da ludayi, tun asuba har rana ta take, har masu rijiya suka ce mutane za su sha ko gero. Ba mu iya shayar da ko kwatar gonar ba. A rana ta takwas babu sauran kore.

Bayan kwana goma sha biyu da yayyafin nan sai ga ruwa, tun hantsi har la'asar kamar da bakin ƙwarya, gwangwanina ya cika ya tumbatsa. Ya sauka a Karare, ya sauka a Tsaskiya. Ko ambulan ta ranar i ta ce ko a'a, ban tambaya ba, har yau ban sani ba. Washegari duk gari ya fita shuka, kowa da irin da ya adana. Ni na tsaya a tsakar gida da sungumi, babu abin zubawa. Maƙwabcin nan da na ce ya jira ya gani, shi ya aiko mana da 'yar tsabar dawa, wani ya ba mu geron da ba namu ba. Da su muka lallaɓa muka fita shekarar, da ƙyar, ɗiyata ma ta rayu. Amma na bi dangin Inna gari gari ina neman gajeren geron nan, yunwa ta sa duk sun cinye nasu. Baturen ya naɗe tantinsa da kaka, ba mu sake jin labarinsa ba.

A ranar da gari ya fita shukar nan ne na shiga ɗakin girki na sami Inna zaune a kan turmi, tana kallon igiyar da ake rataye damin. Ta riga ta ji zancen ambulan a bakin matan gari. Na durƙusa a bakin ƙofa na ce, "Inna, ki yafe mini."

Ta ce, "Ka san da takardar tun kafin ka karɓa?"

Na ce, "Na sani."

Ta gyaɗa kai. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon igiyar, sannan ta ce, ba ni take gaya wa ba, "Da na san a nan zai ƙare, da na dama wa yarinyar nan ta sha."